Yadda mai larurar gani zai samu taimako idan lifta ta gagare shi

Mutum zai iya tasowa daga gida da farar sandarsa, ya tsallake tituna, ya gano ginin da yake nema, ya gano ƙofar shiga, duk shi kaɗai, amma da ya iso gaban lifta, wato na'urar da ke hawa da sauka da mutane a bene, sai tafiyar ta cije. Ya shafa bango bai ji maɓalli ba. Ko ya ji maɓallan, amma duk sumul suke, babu wanda ya bambanta da ɗan'uwansa. Ko kuma ƙofa ta buɗe ta rufe shiru, bai ma san ta buɗe ba sai da ya ji takun mutane sun wuce shi. Abin yana da ciwo, domin ba iyawa ya rasa ba. Wanda ya ƙera na'urar da wanda ya sayo ya kafa ta ne suka manta cewa akwai mai hawa da ba ya gani.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla mutum biliyan 2.2 ne ke da wata matsala ta gani. Ba duka ne makafi ba, amma da yawa ba za su iya karanta ƙaramar lamba mai ruwan toka a jikin ƙarfe mai ƙyalli ba. Saboda haka wannan bayani ya shafi wanda ba ya gani sam, ya kuma shafi mai gani dishi-dishi. Taimakon da ake nema iri biyu ne. Akwai wanda zai kai ka hawan da za ka a yau, wannan daga mutanen da ke kusa yake zuwa, ko daga wayarka. Akwai kuma wanda zai sa a gyara liftar yadda gobe ba sai ka tsaya jiran kowa ba, wannan a wuyan mai ginin yake, kuma haƙƙinka ne.

Mataki na farko: san yadda lafiyayyar lifta take

Sai ka san abin da ya kamata a samu sannan za ka iya faɗin abin da babu. Ƙa'idoji biyu ne suka fi tasiri a kan masu ƙera lifta: na Amurka, waɗanda ke ƙarƙashin dokar kare masu buƙata ta musamman ta 1990 da ake kira ADA, da na Turai masu lamba EN 81-70. Da yake manyan kamfanonin lifta duniya duka suke sayar wa, za ka iya cin karo da alamominsu ko a ƙasar da ba ta tilasta su ba.

Daga waje, maɓallin kira yana wajen mita ɗaya daga ƙasa, na hawa a sama, na sauka a ƙarƙashinsa. Idan lifta ta iso, ƙara sau ɗaya na nufin sama za ta, sau biyu ƙasa za ta, wata kuma da murya take faɗa. A ƙa'idar Amurka, a kowane hawa akwai ɗan faranti a gefe biyu na bakin ƙofa, tsakanin ƙirji da kafaɗar babban mutum, ɗauke da lambar hawan wadda ta taso yadda yatsa zai ji, da rubutun makafi a ƙasanta. Wannan farantin ya fi komai amfani, kuma mutane da yawa ba su san da shi ba.

Daga ciki, lambobi daga ƙasa suke farawa su yi sama, idan layuka biyu ne ko uku kuma daga hagu zuwa dama. Alamar kowane maɓalli tana gefensa na hagu ko a jikinsa. Hawan da ake fita titi yana da shaida ta daban: a tsarin Amurka tauraro ne da ya taso, a na Turai maɓallin ya ɗan fi sauran tudu, galibi da koren zobe. A ƙasan lambobin ake samun na buɗe ƙofa, mai kibau biyu da suka juya wa juna baya, da na rufewa, mai kibau biyu da ke fuskantar juna, da na neman agaji mai siffar ƙararrawa. Sannan lifta tana faɗin hawan da ta tsaya, ko aƙalla ta yi ɗan ƙara a duk hawan da ta wuce.

Duk wanda ka nema a cikin waɗannan ka rasa, riƙe shi a ranka. Shi za ka rubuta a takardar koke nan gaba.

Mataki na biyu: yi tambaya tun kana gida

Idan wurin baƙo ne a gare ka, kira su kafin ka fito. Kada ka tambaya ko liftarsu ta dace da masu larura, domin kowa "eh" zai ce maka, shi a tunaninsa keken guragu na shiga, shi ke nan. Yi tambayar da ba ta da hanyar kaucewa. Maɓallai ne ake dannawa ko gilashi ake shafawa? Tana magana? Ana buƙatar kati kafin ta motsa? Idan na shigo ta babbar ƙofa, dama zan yi ko hagu? Liftoci nawa ne, kuma duka suna zuwa hawan da nake so? Tambayar ƙarshen nan tana da muhimmanci a dogayen gine-gine, inda ake raba liftoci, wasu su tsaya a hawan ƙasa-ƙasa, wasu su zarce can sama ba tare da tsayawa ba.

Idan amsoshin ba su gamsar da kai ba, nemi a turo wani ya tarbe ka a bakin ƙofa, ka karɓi sunansa da lambar da za ka kira idan ka iso. Asibiti, otal, filin jirgin sama da manyan ofisoshi sun saba da irin wannan buƙata, ba ka ɗora wa kowa nauyin da ya fi ƙarfinsa ba.

Mataki na uku: a bakin ƙofa

Kunne ne zai fara kai ka. Wurin lifta yana da sautinsa: gungurawar ƙofa, ƙarar isowa, mutane da suka tsaya cik wuri ɗaya. Idan liftoci biyu ne, maɓallin kira galibi yana bangon da ke tsakaninsu. Bi bangon da bayan hannunka a daidai ƙugu. Da ka danna, ja baya taku ɗaya ko biyu, ka tsaya inda za ka ji kowace ƙofa, ba a tsakiyar ɗaya ba, don masu fitowa su samu hanya.

Ƙofa ta buɗe, kada ƙafarka ta riga sandarka. Miƙa sandar ciki, ka tabbata akwai daɓe, kuma daidai yake da inda kake tsaye. Tsohuwar lifta takan tsaya ta ɗan haura ko ta ɗan gaza, tazarar 'yan yatsu kaɗan ta isa ta kayar da mutum. Akwai kuma siririn rami tsakanin lifta da daɓen gini inda kan sanda ke maƙalewa, sai ka ɗaga ta kaɗan wajen tsallakawa. Wannan dubawar ba ta wuce daƙiƙa biyu ba, kuma ban yarda a bar ta ba ko da bayanka cike yake da masu gaggawa.

Sababbin ƙofofi suna da labulen haske da ido ba ya gani, da wani abu ya gitta sai su koma. Tsofaffi kuwa sai an taɓa gefensu, wasu ma ba sa jin siririn abu kamar sanda. Kada ka cusa yatsu a ƙofar da ta kusa haɗuwa, bar ta ta tafi, wata na zuwa. Mai karen jagora ya taƙaita igiya, ya tabbata shi da karen sun shiga tare kafin ƙofa ta motsa.

Mataki na huɗu: a ciki

Da ka shiga, juyo ka fuskanci ƙofa. Allon maɓallai galibi yana gefen ƙofar, dama ko hagu, wani lokaci a bangon gefe. Fara lalube daga ƙasa, da sauƙin hannu. Akwai maɓallan da ba sa lotsawa, taɓi kawai suke ji, idan ka bi ta kansu da tafin hannu sai ka kunna hawa biyar. A irin waɗannan, bi gefen maɓallin inda alamar take, ba kansa ba.

Nemi tauraro ko maɓallin da ya fi tudu, shi ne mafarin lissafinka. Sai dai lissafin yana da tarko. A Turai da ƙasashen da suka bi tsarinta, hawan ƙasa shi ne 0 ko G, na samansa ne 1. A Amurka hawan ƙasa ne 1, ko a sa masa L. Na ƙarƙashin ƙasa kan zama B ko lamba mai alamar ragewa, wurin ajiye motoci P, akwai kuma M na rabin hawa da ke tsakanin na ƙasa da na samansa. Wasu gine-gine suna tsallake 13, wasu a gabashin Asiya suna tsallake 4. Ƙirga maɓalli kaɗai ba ya wadatarwa a ginin da ba ka sani ba.

Mutane da yawa da suka rasa gani bayan sun girma ba su koyi rubutun makafi ba, kuma babu abin kunya a ciki. Amma ina ba da shawarar a koyi lambobinsa ko da ba a koyi sauran ba, alamomi goma ne kawai. Kowane gida a rubutun da Louis Braille ya tsara ɗigo shida ne, uku a hagu uku a dama. Kafin lamba akwai alamar da ke cewa lamba na tafe: ɗigo ukun dama da na ƙasan hagu. Bayanta, ɗigo ɗaya a saman hagu shi ne 1. Na sama da na tsakiya a hagu su ne 2. Biyun sama a kwance su ne 3. Wanda ya zauna da mai koyarwa zai kama sauran cikin ɗan lokaci, kuma daga ranar lifta mai alama ta daina ba shi wahala.

Mai sauran gani ya yi amfani da fitilar waya, ko ya ɗauki hoton allon ya faɗaɗa shi. Idan ƙyalli ne ke kashe masa ido, ya kare hasken sama da tafin hannu ya dubi allon ta gefe.

Idan lifta ba ta magana, lokacin da ta tsaya ka tsaya a bakin ƙofa, jikinka ya tare ta, ka miƙa hannu ka karanta farantin gefen. Ba hawanka ba ne, ka koma ciki. Idan babu farantin kuma kai kaɗai ne, akwai dabarar ƙarshe: danna kowane hawa daga inda kake har zuwa naka, ka ƙirga tsayawa. Tana cin lokaci, amma tana kaiwa. Ka kuma lura, wasu liftoci ƙofa biyu gare su, gaba da baya. Idan ta tsaya ka ji iska ko hayaniya ta bayanka, can ce mafitar.

Mataki na biyar: liftar da ba ta da maɓalli

Nan ne matsalar ta fi tsanani, kuma sababbin gine-gine ne suka kawo ta. Tun shekarun 1990 aka fara yaɗa wani tsari inda tun a waje kake shigar da hawan da za ka, kwamfuta ta haɗa masu zuwa wuri ɗaya, allo ya nuna maka harafin liftarka, A ko B ko C. A cikin liftar babu lambobin hawa ko ɗaya, sai na buɗe ƙofa da rufewa da na agaji. Idan ka bi mutane ka shiga, inda suka nufa za ka. Da farko da maɓallai irin na tarho ake shigar da lambar, yanzu kuwa da yawa gilashi ne zalla. A ganina, kafa gilashin shafawa ba tare da wata hanya ta biyu ba koma baya ne, komai kyansa a ido.

Kafin ka fid da rai, shafa ƙasan gilashin da gefunansa. Waɗanda aka yi bisa ƙa'ida suna da maɓalli ɗaya na gaske, mai hoton keken guragu, a wasu wurare da ɗigo uku da suka taso a siffar kusurwa uku. Kada hoton keken ya sa ka ɗauka ba naka ba ne. Idan ka danna shi, na'urar za ta fara magana. Wata za ta riƙa karanto hawa ɗaya bayan ɗaya, ka sake dannawa idan ta zo kan naka. Daga nan ta faɗi harafin liftarka da gefen da take, ta ba ka ƙarin lokacin isa, liftar kuma ta yi ƙara ko ta faɗi sunanta idan ta buɗe. In maɓallan tarho ne, ɗigon da ke kan 5 shi ne jagoranka, 1 na saman hagu, 0 na ƙasa a tsakiya.

Idan ka danna shiru, ko babu maɓallin sam, kada ka ɓata lokaci kana shafa gilashi. Nemi mutum.

Mataki na shida: yadda ake neman taimakon mutum

Matambayi ba ya ɓata, amma yadda aka yi tambayar shi ke sa a samu amsa mai amfani. Yawancin mutane suna son taimakawa, abin da ba su sani ba shi ne me za su yi. Idan ka ce "a taimaka mini" kawai, wani zai cafke hannunka ya ja, wani ya ce "ga shi can" yana nuni da yatsa. Faɗi abu uku a taƙaice: halin da kake ciki, inda za ka, da abin da kake so a yi.

"Sannu bawan Allah. Ba na gani, hawa na bakwai za ni. Don Allah danna mini, idan mun iso kuma ka gaya mini."

Idan ba ka san wanda ke kusa ba, ɗaga murya kaɗan: "Jama'a, wa ke kusa da maɓallai?" Wani zai amsa, daga nan ka san inda za ka juya. Wanda ke da sauran gani kuma ba ya riƙe sanda ya fi buƙatar ya faɗi larurarsa, don mutane ba za su gane da kansu ba.

Bayan an danna, kada ka ce "ka danna bakwai ɗin?", domin mai sauri "eh" zai ce ko bai duba ba. Ce masa: "Wace lamba ce ta kunna?" Sai ka ji daga bakinsa. Tambaye shi kuma hawan da zai sauka. Idan zai riga ka, ya gaya maka sau nawa za a tsaya kafin naka. A lifta mai haruffa, "B ce taka" bai ishe ka ba, nemi a ce maka ta biyu ce daga hagu, ko a raka ka bakin ƙofarta, mai rakiyar ya tsaya har ta buɗe.

Idan za a yi maka jagora, kai ne za ka riƙe, ba a riƙe ka ba. Kama hannun mai jagorar a saman gwiwar hannu, ka tsaya rabin taku a bayansa, jikinsa zai riƙa gaya maka juyawa da tsayawa. Wanda ya kama sandarka ko ya tura ka ta baya, dakatar da shi cikin ladabi: "Na gode Malam, bari ni in riƙe hannunka, ya fi mini sauƙi." Sanda a hannun wani ba ta gaya maka komai.

Inda akwai mai gadi ko teburin tarbar baƙi, su ne farkon waɗanda za ka nema, domin aikinsu ne, kuma su ke riƙe da katin da ke buɗe hawan da aka kulle. A otal, ranar da ka sauka nemi ma'aikaci ya bi hanyar da kai sau ɗaya a tsanake: inda ake ɗora kati a cikin lifta, inda maɓallin hawanka yake, ƙofa nawa daga lifta zuwa ɗakinka, da inda matakala take. Ka sa hannunka a kan kowanne da kanka. Kada ka faɗi lambar ɗakinka da ƙarfi a gaban baƙi, hawan kaɗai ya isa. Kuma idan zuciyarka ba ta kwanta da wanda ya zo taimakon ba, kana da damar ka ce wani kake jira.

Ga mai ido da ke karanta wannan, abu ɗaya nake roƙo: yi magana kafin ka taɓa. "Baba, in danna maka wane hawa?" ta fi jan hannu sau dubu.

Mataki na bakwai: wayarka

Idan babu kowa, waya na iya zama ido. Manhajar Be My Eyes, wadda aka ƙaddamar a 2015, tana haɗa ka kyauta da ɗan sa-kai ta bidiyo, ya dubi abin da kyamararka ke gani ya gaya maka. Aira ma haka take aiki, sai dai da ma'aikatan da aka horar, galibi kuma ana biya. Seeing AI ta Microsoft da Lookout ta Google suna karanta rubutun da aka nuna wa kyamara, har da lambar hawa a bango. Wasu samfuran iPhone suna iya karanta rubutun da yatsanka ke nunawa a jikin allo.

Sai dai lifta akwatin ƙarfe ce, da ƙofa ta rufe sabis kan ɗauke. Yi kiran tun kana waje, ka nuna allon yayin da ƙofa ke buɗe, ka haddace wurin maɓallinka kafin a tashi. Sa abin ji a kunne ɗaya kawai, ɗayan ka bar shi yana sauraron lifta.

Idan ta tsaya da kai, ko gobara ta tashi

Lifta da ta tsaya tsakanin hawa biyu tana tayar da hankali, amma cikinta ya fi ko'ina aminci a lokacin. Galibi igiyoyi da yawa ke riƙe da ita, ga birkin da ke kama ta idan ta yi gudun da ya wuce kima. Tun 1854 Elisha Otis ya nuna wa jama'a a birnin New York birkin da ke kama lifta idan igiya ta tsinke. Iska na shiga. Danna maɓallin ƙararrawa ka riƙe shi na 'yan daƙiƙoƙi, domin wasu ba sa amsa gajeren taɓi. Idan murya ta amsa, fara da cewa ba ka gani, don kada a ce ka karanto lambar liftar ko ka dubi fitilar da ta kunna. Faɗi sunan ginin, hawan da ka taso da wanda ka nufa. Idan ba a amsa ba, kira lambar agajin gaggawa, ko ka bubbuga ƙofa kana kira. Kada ka ɓamɓare ƙofa, kada ka yi yunƙurin fita da kanka. Masu ceto in sun zo, su gaya maka tazarar da ke tsakanin lifta da daɓe kafin ka ɗaga ƙafa.

Lokacin gobara ba a shiga lifta. Da yawa ma da kansu suke komawa hawan fita su tsaya. Don haka duk ginin da kake kwana ko aiki a ciki, san matakalarsa tun ana zaman lafiya, ka sauka ta kanta ko sau ɗaya ne. A wurin aiki nemi a rubuta tsarin fitarka, da sunayen mutum biyu da za su neme ka, don in ɗaya ba ya nan ɗayan na nan.

Mataki na ƙarshe: sa a gyara

Ginin da za ka shiga sau ɗaya, dabarun da suka gabata sun isa. Amma gidan da kake haya, ofishinka, makarantarka, asibitin da kake zuwa duk wata, bai kamata kullum ka tsaya jiran mai wucewa ba. Kuma gyaran sau da yawa bai kai yadda masu gini ke tsoro ba. Liftocin zamani da dama suna da murya a cikinsu, an rage ta ne ko ba a taɓa kunna ta ba, makanikin da ke zuwa duba ta zai iya daidaitawa. Haka lokacin da ƙofa ke jira kafin ta rufe, saiti ne. Farantan lambobi masu tudu da rubutun makafi kuwa manna su ake yi, a allo da bakin kowace ƙofa.

Fara da gano mai iko. Mai gadi ba shi da ikon gyara, manajan gini ko mai gidan ke da shi, shi kuma yana da kwangila da kamfanin da ke kula da liftar. Yi magana da baki, sannan ka bi ta da rubutu a ranar, domin maganar baki iska ke ɗauke ta. Takardar ta zama gajera:

"Ranka ya daɗe, ni ma'aikaci ne a hawa na bakwai, ina da larurar gani. Liftar da ke hagu da babbar ƙofa ba ta faɗin hawa, maɓallanta ba su da alamar da ake ji da hannu, babu kuma lamba a bakin ƙofofin. Saboda haka ba na iya kai kaina ofis. Ina neman a kunna muryar, a manna alamomi a allo da bakin kowane hawa. Kafin a yi hakan, ina neman a sanar da masu gadi su riƙa raka ni. Don Allah a ba ni amsa a rubuce cikin mako biyu."

Ajiye kwafi, ka rubuta ranar da ka aika da sunan wanda ya karɓa. Kafin gyaran ya zo, nemi izini ka manna ɗan ɗigon roba a gefen maɓallin hawanka da bakin ƙofarsa, a kuma gaya wa masu shara kada su ɓamɓare.

Idan aka yi shiru, ambaci doka. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman, wadda aka amince da ita a 2006 ta fara aiki a 2008, ƙasashe sama da 180 sun tabbatar da ita. Sashe na 9 ya buƙaci a sa alamomi da rubutun makafi a gine-ginen da jama'a ke shiga, a kuma samar da taimakon mutum, har da 'yan jagora da masu karantawa. Ƙasashe da yawa suna da dokarsu ta cikin gida. Amurka na da ADA. Birtaniya na da dokar daidaito ta 2010, wadda ta ɗora wa masu ɗaukar aiki da masu yi wa jama'a hidima nauyin yin gyaran da ya dace. Nijeriya na da dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara. Nemi ta ƙasarka, ka sa sunanta a takarda ta biyu.

Kada ka yi wannan kai kaɗai. Ƙungiyar makafi ta yankinku ta san hukumar da ke karɓar irin wannan koke, wataƙila ma ta taɓa kai shi. Tsofaffin da ke ginin da masu raunin gani su ma muryar lifta za ta amfane su, sa hannunsu yana ƙara wa takarda nauyi. Idan manaja ya ƙi, haura wajen mai ginin, daga nan hukumar kula da masu buƙata ta musamman, ko ta kare haƙƙin ɗan Adam, ko ofishin da ke duba lafiyar liftoci da ba da izinin gini.

Ranar da makaniki zai zo, nemi ka kasance a wurin. Mai ido yakan manna rubutun makafi a kife, ko ya sa farantin hawa na shida a na tara bai sani ba. Bi kowane maɓalli da yatsanka, ka hau ka sauka kana sauraron muryar a lokacin da liftar ke cike da mutane, ka tabbata ana jin ta, kafin a rubuta cewa an gama aikin.